Fayil ɗin Dattijo

Sharifa tana cikin goge teburin karo na uku ta ji Jamil ya ce daga bakin taga, "Ga ta nan fa."

Ta yar da tsumman ta leƙa. Tun safe take zuba ido ta ga wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar ofis. Abin da ta gani kuwa motar haya ce ta Kano zuwa Wudil, irin wadda ake danna mutum huɗu a baya, ta rage gudu a gefen titi ta sauke wata 'yar guntuwar mata mai tabarau. Matar ta karɓi jakarta daga hannun wani fasinja, ta yi masa godiya, ta jira tirelar shanun da aka kawo don kasuwar gobe ta wuce, sannan ta tsallako titi tana gaigayar dafaffiyar masara. Barista Murja ke nan.

Ba yau Sharifa ta fara ganinta ba. Tana 'yar shekara goma sha uku wani ɗan kwangilar yashi ya killace bakin kogi ya hana masunta sauka, ya sa aka kama goma sha ɗaya daga cikinsu, har da mahaifinta. Wannan matar ce ta zo, ba wanda ya kira ta, ta tsaya a gaban alƙali da 'yar ƙaramar muryarta, ta yi magana a hankali kamar mai karanta wa tsoho wasiƙa, kafin azahar aka saki mutanen. Sharifa tana maƙale a jikin tagar kotu tana kallo, baki buɗe. Tun daga ranar ta daina cewa likita za ta zama. Ta yi karatun lauya, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida ta shiga Cibiyar Majingina a matsayin 'yar sa kai. Cibiyar ita ce ƙungiyar da Barista Murja ta kafa don tsaya wa mutanen da aka danne wa haƙƙi alhali ba su da mai tsaya musu.

Duk shekara cibiyar tana ɗaukar sabon lauya guda ɗaya tak a ofishinta na Wudil, ta ba shi gurbin horo na shekara biyu, da albashi, a ƙarƙashin Barista Murja da kanta. Bana mutum tamanin da 'yan kai suka nema. Aka tace, aka sake tacewa, ya rage saura biyu, Sharifa da Jamil. Wanda bai samu ba, aikinsa na sa kai ya ƙare yau. Kawun Sharifa kuwa ya riga ya samo mata kujera a wani kamfanin taki a birni, inda za ta riƙa duba takardun kwangila har ta yi furfura. Ya ce ta zo gobe Juma'a da safe ta sa hannu, idan wannan abin nata na taimakon al'umma bai yiwu ba. Yadda yake furta "taimakon al'umma" kai ka ce wani ciwo ne da ake fatan ta warke.

Barista Murja ba ta yin intabiyu irin ta mutane. Ba ruwanta da makin da ka ci, ba ta kuma tambayar inda kake ganin kanka nan da shekara biyar. Saƙon da ta aiko musu layi biyu ne: kowa ya kawo shari'a ɗaya da ta gagare shi, ya kuma kawo mai shari'ar.

Da ta shigo, ba lauyoyin ta fara gaisarwa ba. Benci ta nufa, inda mutum biyu ke zaune suna jira, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, barka da asuba. Kin zo lafiya? Ya gida, ya damina? Ya muka ji da ruwan jiya?"

"Lafiya ƙalau, Hajiya. Ruwa ya yi gyara."

"Madalla. Ya ƙarfin jiki? Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Sai da ta gama da tsohuwar tsaf, ta koma kan mutumin da ke gefenta ta gaishe shi shi ma, sannan ta miƙe ta dubi ɗakin. "Wannan teburin da wani ya goge har yana ɗaukar ido, ku tura shi jikin bango. A ba ni tabarma."

Sharifa ta tura teburin da kanta, kunya kamar ta nutse.

Jamil aka fara kira. Ɗan gayu ne, Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo, wuyan rigarsa kullum a goge. Sharifa ta so a ce yana da girman kai ko lalaci, da ta samu abin riƙewa, amma ba shi da ko ɗaya. Shi ne duk Juma'a yake shiga gidajen gyaran hali na birni yana rubuta sunayen tsararrun da ke jiran shari'a, ya dawo ya zuba su a kwamfutar ofis. Shari'ar da ya kawo ta wani mai shayi ce da aka rushe wa rumfa ba sanarwa. Ya yi duk abin da ake yi, kotu ce ta ɗage zama sau huɗu. Barista Murja ta yi masa tambaya uku, ya amsa uku, ta tambayi mai shayin ko haka ne, ya ce haka ne. Ta gyaɗa kai ta rufe fayil ɗin.

"Sharifa, bismillah."

Tsohuwar ta sauko daga benci ta zauna a bakin tabarma. Sunanta Ikilima, daga Kausani take, doguwa ce siririya, zaninta ya koɗe amma a wanke yake tas. Sharifa ta buɗe fayil ɗin, ta yi gyaran murya, ta fara bayani yadda ta yi ta maimaitawa a gaban madubi.

Ɗan Inna Ikilima, Dattijo, ya tafi ci-rani birni bayan girbin bara, yana dako a kasuwa. Wata rana wasu matasa suka yi faɗa a bakin kasuwar, aka zo aka yi kame, aka kwashe duk wanda aka tarar, mai laifi da mai ɗauke da buhu. Wani abokin dakonsa ya ga an tura shi mota, ya biyo har Kausani ya gaya wa uwar a ɓoye. Wata takwas ke nan. Kwana arba'in da bakwai da suka wuce ta zo wannan ofis. Daga ranar Sharifa ta rubuta wasiƙa tara, ta taka ofisoshin 'yan sanda huɗu da kotuna uku, ta duba jerin sunayen da ke kwamfutar cibiyar, har ɗakin ajiye gawa na asibiti sai da ta shiga. Ko'ina amsa ɗaya ce: babu mai wannan suna.

Barista Murja ta karɓi fayil ɗin. Karatunta ma abin kallo ne. Da yatsa take bin layi, ba ta tsallake ko kwanan wata, kuma duk ɗakin ya yi tsit in ban da kukan shanu daga titi. Ta kai ƙarshe, ta dawo shafin farko.

"Kin yi tafiya," ta ce, ba ta ɗago kai ba. Sannan ta karanta a fili. "Dattijo Malam."

Ta juya ga tsohuwar. "Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu Allah ya bar mini."

"Allah ya raya. Shi wannan da ake nema, na nawa ne?"

Inna Ikilima ta kawar da kai ta dubi bango, ta gyara bakin mayafinta. "Shi ne babbansu."

"Sunan wa aka mayar masa?"

"Na mahaifin Malam."

Barista Murja ta ajiye fayil ɗin. Ba ta ma dubi Sharifa ba. Amma Sharifa ta gane.

Yarinya 'yar shekara bakwai a Kausani ta san abin da ya wuce Sharifa. Mace irin Inna Ikilima ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kiran sunan surukinta, shi ya sa ma yaron da ya ci sunan kakansa ake ce masa Dattijo. Ba ta kuma kiran sunan mijinta, yana raye ko ya rasu. Sharifa a cikin wannan ta tashi. Mahaifiyarta har gobe "wannan yaron" take ce wa yayansu, alhali ya tara gemu yana da 'ya'ya uku. Amma ranar da tsohuwar ta zo, mutum ashirin ne a layi, fom yana buɗe a kwamfuta, ga gurbin suna, ga gurbin sunan mahaifi. Ta ce, "Inna, sunansa?" Tsohuwar ta ce, "Dattijo muke ce masa." Ta ce, "Sunan mahaifinsa?" Tsohuwar ta ce, "Malam, Allah ya jiƙansa." Yatsun Sharifa suka buga, ta ce a kira na gaba. A ƙasar da kowane gida akwai Malam, lauya da digirinta ta ɗauki Malam ta riƙa kai wa hukuma a matsayin sunan uba. Shi kuwa mutumin, duk inda aka tsayar da shi aka ce ya faɗi sunansa, sunan yanka zai faɗa.

"Sharifa," Barista Murja ta ce, "'yar ina ce ke?"

"Nan Wudil, Hajiya. Bakin kogi."

"To."

Da zagi ta yi, da ya fi sauƙi.

Ta sallami mai shayin, ta ce wa Jamil ya ɗauki kwamfutar ya koma ɗakin ciki ya ja ƙofa. Sannan ta cire tabarau ta ajiye, ta matsa har gwiwarta tana taɓa ta tsohuwar, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan tabarma.

"Inna, kuskuren namu ne, ba naki ba. Mun yi ta neman sa da sunan gida, su kuma can sunan yanka suka rubuta. Ba zan sa ki faɗi abin da bakinki bai saba ba. Ni zan riƙa kira. In na zo kansa, ki taɓa hannuna kawai."

Ta fara. Sharifa ta yi shekara biyar a jami'a, ta yi ɗaya a makarantar horon lauyoyi, ba ta taɓa jin an koyar da wannan ba. Matar da manyan lauyoyi ke gyara zama idan ta shigo kotu, ga ta zaune a tabarma tana jero sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi, tana ɗan dakatawa bayan kowanne. Ta bi sunayen annabawa, ta shiga na sahabbai, ta gangaro irin na tsofaffin ƙauye da yanzu ba a cika saka wa yara ba. Nu'umanu. Mudassiru. Ja'afaru. Bilyaminu. Zubairu. Ba gaggawa a muryarta, ba ƙosawa, kamar yau duka don wannan kaɗai ta taso daga Kano. Sharifa ta manta da gurbi, ta manta da kawu, kallo kawai take yi.

Sunaye sun haura arba'in, hannun tsohuwar bai motsa daga kan cinyarta ba.

Barista Murja ta numfasa ta yi murmushi. "Mahaifin Malam ya fi ƙarfina. Ba komai. Yanzu sai a hau babur a je Kausani a tambayi dattawan gari, kafin la'asar an dawo."

"A'a." Karon farko ke nan da muryar tsohuwar ta fito da ƙarfi. "Hajiya, kada a je."

"Saboda me, Inna?"

"Ba wanda ya sani. Ko ƙannensa ban gaya wa ba. Cewa na yi yana kudu wurin aiki. In lauya ya sauka a ƙofar mai gari yana tambayar sunansa, kafin magariba an san inda ake neman sa. Gobe ya fito, wa zai ba shi 'yarsa? Wa zai bar shi ya tsaya a sahun gaba? Yaron nan ko kazar wani bai taɓa kora ba."

"Gaskiyarki," in ji Barista Murja. "To ni ma zan gaya miki tawa. Ba suna, ba mu da inda za mu dafa. Kuma ko an faɗa, ban yi miki alƙawarin za a same shi ba."

Inna Ikilima ta sunkuyar da kai. Wani mai kifi ya wuce a ƙasa yana talla. Daga nan ta ɗago kai. Ba babbar lauyar ta duba ba.

"'Yar nan, matso."

Sharifa ta dubi bayanta ko da wata ake. Babu kowa sai bango.

"Ke nake nufi. Ke kika sha rana saboda shi. Ranar da kika dawo daga wurin gawarwakin nan ina zaune a bencin can, na ga fuskarki, ko ruwa kin kasa sha. Matso."

Ta rarrafa ta isa gare ta. Tsohuwar ta buɗe mayafinta ta lulluɓe kawunansu su biyu, duniya ta koma duhu-duhu, ƙanshin hayaƙin murhu da na sabulun wanki. Sharifa tana jin numfashinta a kunne, yana fita da ƙyar. Leɓen ya buɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa. Shekara talatin da ɗaya sunan nan yana cikin bakin matar nan, tun ranar da aka raɗa shi aka yanka rago, bai taɓa fitowa ba, ko a fushi, ko a rarrashi, ko ranar da yaron ya yi zazzaɓin da aka cire rai. Sharifa ta ji tsoro ya kama ta, irin wanda ke kama mutum in aka miƙa masa jariri sabon haihuwa.

Sai ta faɗa. Sau ɗaya, a hankali, amma sarai.

Mayafin ya janye. Tsohuwar ta juya fuskarta ga bango. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, Barista Murja ta ɗora hannu a gwiwarta.

"Na Malam ki bar shi, Inna. Wannan ya isa."

Sharifa ta miƙe. Taku shida ne zuwa ɗakin ciki, ta yi su kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ta tura ƙofa, ta mayar ta rufe.

"Yahuza," ta ce wa Jamil.

Ya buga. Mutum uku suka fito. Na farko ɗan shekara goma sha tara ne, na biyu ya haura sittin. Jamil ya kai kan na uku, hannunsa ya tsaya cak.

"Innalillahi. Sharifa, na san shi. Wallahi na san shi."

Ta sunkuya ta karanta. Yahuza Haladu, shekara talatin da ɗaya, ɗan dako, an kama shi a watan Disamba, an kai shi kotu sau ɗaya, ba a sake kiran shari'arsa ba. A gurbin dangi, Jamil ya rubuta da kansa: ya ƙi faɗin garinsu, ya ce kada a gaya wa mahaifiyarsa.

"Sau uku ina ganin sa," in ji Jamil, duk gayun ya zube. "Ba ya magana. Shi ke share wurin da muke zama kafin mu zo. Yana da tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu."

Kwamfutar nan kullum a kan teburin da ke kusa da nata take. Ko tashi ba sai ta yi ba in tana son taɓa ta.

Suka fito tare. Sharifa ta durƙusa ta faɗa wa Barista Murja a kunne, ita kuma ta juya ga tsohuwar.

"Inna, yana da tabo a hannu?"

"Na hagu. Kunu ne ya zube masa yana rarrafe."

"Ɗan Haladu?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Amsar ke nan.

"To yana raye, Inna. Mun san inda yake. Wannan yaron ya gan shi da idonsa, lafiyarsa ƙalau. Gobe da safe za mu shiga wurinsa, ran Litinin mu kai wa alƙali takarda."

Tsohuwar ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta tambayi ina ne gabas, Jamil ya nuna mata, ta kifa goshinta a kan tabarma ta daɗe. Da ta ɗago, Barista Murja ta ce, "Akwai abin da ya ce a rubuta. In karanta miki?" Ta gyaɗa kai. Aka karanta mata.

"Ji shi," ta ce, hawaye yana bin kwarin kumatunta. "Sakarai kawai."

Bayan an yi azahar Barista Murja ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Jamil ya shiga ya fito, ya wuce Sharifa bai iya haɗa ido da ita ba. Sharifa ta shiga ta zauna a bakin tabarma.

"Na karanta wasiƙunki tara," in ji Barista Murja. "Babu wadda zan gyara wa ko waƙafi. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɗan sa kai da ya je har ɗakin ajiye gawa ba a sa shi ba. Kuma na ga wadda tsohuwar nan ta zaɓa, alhali ina zaune." Ta mayar da tabaraunta. "Gurbin na Jamil ne."

"Na sani, Hajiya."

"Ba ki tambaye ni dalili ba."

"Kwana arba'in da bakwai ne dalili."

"Su ne. Ba ni na yi su a kulle ba, don haka ba ni da ikon yafe su. Baɗi za a sake buɗe gurbin. Ban ce za ki samu ba."

"Na gode, Hajiya."

Ta fita ta ƙofar baya, ta tsuguna a gindin famfo ta yi kukanta mai isar ta. Ta ji zafi, ba ƙarya, zafin abin da mutum ya yi shekara goma sha uku yana bi ya kuɓuce masa a taku na ƙarshe, kuma da hannunsa. Ta nemi jin haushin matar nan ko kaɗan ne, don ta samu sauƙi, ta rasa. Girman da take ba ta tun tana maƙale a taga ashe na yarinta ne. Yau ta ga abin da ke ƙarƙashinsa, ya kuma fi abin da ta zata nauyi. Ta wanke fuska, ta shiga ta kwashe 'yan littattafanta a leda, ta yi wa Jamil murna da zuciya ɗaya, ta fito.

Inna Ikilima tana zaune a inuwar wata bishiya a bakin titi tana jiran abin hawan Kausani. Tireloli sai shigowa suke, masu shanu suna ta ɗaga sanduna. Sharifa ta so ta wuce ta bayan rumfuna, amma ƙafarta ta kai ta wurin. Ta durƙusa.

"Inna, ki yafe mini. Da na yi tambaya ɗaya, da tuni..."

"Tashi, tashi, kada mota ta watsa miki taɓo. Zauna nan." Ta matsa mata a kan dutsen. "Idan kin shiga gobe, akwai saƙo."

"Ba ni zan shiga ba, Inna. Aikina a nan ya ƙare yau. Jamil ne zai riƙe maganar, kuma ya fi ni iyawa."

"Wannan mai kwamfutar? Allah ya yi masa albarka, yaron kirki ne." Ta gyara ƙullin bakin zaninta. "Amma ni ba shi na ba wa ba."

Sharifa ta zauna a gefenta a kan dutsen.

"Ki ce masa gero ya fitar da kai, gonar bayan gari ma na shuka ta, ba a bar ta ba. Ki ce masa ba wanda ya sani, ya daina wannan tunanin. Ki ce masa..." Ta tsaya. Ta dubi titi, ta dubi hannuwanta. "Shi ke nan. Sauran ya sani."

Wani mai babur ya tsaya yana kiran Kausani. Tsohuwar ta miƙe, Sharifa ta riƙe mata hannu ta hau, ta gyara mata mayafi kada ya shiga taya. Babur ya ja, ya kutsa tsakanin motocin shanu, ya ɓace.

Sharifa ta daɗe a tsaye da ledar littattafai a hannu. Ƙarfe tara na safe kawu ya ce, kuma kawu ba ya faɗin magana sau biyu. Ta san abin da zai ce, ta san abin da mahaifiyarta za ta ce, ta kuma san kujerar kamfani ba ta jiran kowa. Ta juya ta hau matakalar ofis.

Barista Murja tana nan a tabarma, tana cike wata takarda a kan cinyarta.

"Hajiya, wanda ba ma'aikacinku ba, yana iya shiga gobe?"

"Ke lauya ce ko ba lauya ba?"

"Lauya ce."

"To wa zai hana ki?" Ba ta daina rubutu ba. "Amma ki ji da kyau. Ba gurbi, ba albashi, ba alƙawari. Kuma idan ya ji uwarsa ta zo nan tun farkon damina, zai tambayi abin da ya sa sai yanzu. Ba ni zan amsa ba."

"Ni zan amsa."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta juyo da takardar. Jerin masu shiga ne na gobe, wanda ake miƙa wa mai tsaron ƙofa, sunanta a sama, na Jamil a ƙasa. Ta miƙo biro.

"Shida da rabi mota za ta tashi. Rubuta sunanki." Ta koma tattara fayilolinta, gefen bakinta ya ɗan motsa. "Na yanka."